Aikin walda a cikin kasuwa: ƙa'idojin kare gobara da wanda hukunci ke hawa kansa

Sakataren Layi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan ƙa'idojin da ya kamata a cika kafin a bari a yi walda ko yankan ƙarfe a cikin kasuwa, da kuma hukuncin da doka ta tanada idan aka yi sakaci har gobara ta tashi. Ni ne sakataren ƙungiyar wani layin masu sayar da atamfa da shadda a wata kasuwa a Kano, kuma shugabannin layi sun ɗora mini nauyin rubuta daftarin ƙa'idoji da za a karanta wa 'yan ƙungiya su amince da shi.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, a 'yan shekarun nan kusan kowane mai shago yana canza ƙofar katako zuwa ta ƙarfe, ko yana ƙara rodi a taga, ko yana ɗora ƙaramin sito a saman shagonsa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake yiwuwa sai an kira mai walda. Shagunanmu a manne suke da juna, silin ɗinsu a haɗe yake a wurare da yawa, diloli kuma a jibge suke har rufi. Galibi bayan la'asar ake kiran mai waldar, lokacin da ciniki ya ja baya, ya gama dab da magariba, a ja ƙofa a kulle kowa ya nufi gida. A watan da ya wuce maigadi ya ji ƙauri bayan sallar isha'i, aka fasa wani shago aka tarar da kwali yana ci a hankali a bayan dila, jikin bangon da maƙwabci ya yi wa walda da yamma. Allah Ya taƙaita abin, amma tun daga ranar hankalinmu bai kwanta ba.

Ina so in san abin da za mu wajabta kafin a fara aiki da bayan an gama shi. Ina kuma so in san wanda doka take kamawa idan dukiya ta ƙone ko aka rasa rai: mai waldar ne, ko mai shagon da ya kira shi? Sannan ko ƙungiya irin tamu tana da hurumin cin tarar wanda ya saɓa?

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Abin da maigadinku ya gano shi ne ainihin yadda gobarar walda take tashi. Mutane suna tsoron lokacin da hasken yake walƙiya, alhali a wannan lokacin akwai idanu a wurin, kuma duk abin da ya kama za a gani a kashe. Haɗarin yana zuwa ne bayan an naɗe waya an tafi. Abin da muke kira tartsatsin walda ɗigon narkakken ƙarfe ne wanda zafinsa ya haura digiri 1,000, yana tsalle, yana gangarawa ta ƙarƙashin ƙofa, yana faɗawa ta tsagar bango, kuma idan ya maƙale a cikin yadi ko kwali ko soson katifa yana iya ɗaukar sa'o'i yana ci a ɓoye kafin harshen wuta ya bayyana. Ku kuma sani cewa ba walda kaɗai ake nufi ba. Injin gurzar ƙarfe, da yankan ƙarfe da gas, da wutar da ake narka kwalta da ita a saman bene, duk aikin wuta ne, kuma daftarinku ya ambace su ɗaya bayan ɗaya domin kada wani ya ce shi gurza kawai ya yi.

Ƙa'idojin da manyan kamfanoni suke bi, har da na mai da gas a ƙasar nan, mafi yawansu sun yi daidai da na hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka da kuma ƙa'idar NFPA 51B ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka. Tambayar farko a cikinsu ita ce ko aikin zai yiwu a wani wurin. Idan ƙofa ce, a zo a auna, a je a haɗa ta a wurin mai walda, a kawo ta a ɗaura da noti, ba a kunna wuta a cikin layi ba ko kaɗan. Wannan kaɗai zai rage muku ayyukan da yawa. Idan kuwa dole ne a yi a wurin, to a kwashe duk abin da zai iya kamawa zuwa nisan ƙafa 35, wato kimanin mita 11, ta kowane ɓangare. Na san a kasuwa wannan nisa ya ƙunshi shago uku ko huɗu, saboda haka abin da ba zai kwasu ba a kare shi da kwanon rufi ko bargon wuta, ba da leda ko tampol ba, domin su ma abincin wuta ne. A toshe ƙarƙashin ƙofofi da duk wata kafa da ke bango.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne ɗaya gefen bangon, da abin da ke ƙasa ko sama da wurin aikin. Ƙarfe yana kai zafi nesa, rodin da ake ƙonawa a nan yana iya gasa dilar da ke jingine da shi a shagon maƙwabci. A ranar 11 ga Afrilu 1996 an yi walda a kan wata hanyar mota da ke saman ginin filin jirgin saman Dusseldorf a Jamus, narkakken ƙarfe ya zuba ta tsaga ya kama soson da ke cikin silin na ƙasa, masu aikin suna sama ba su san abin da ke faruwa ba, kuma mutum 17 suka rasu. Saboda haka ku rubuta cewa ba za a yi walda jikin bango ba sai shagon da ke bayansa yana buɗe, mai shi ko yaronsa yana ciki yana kallo.

Sai batun mai tsaron wuta, wanda a ganina shi ne ginshiƙin komai. Mai walda idan ya rufe fuskarsa da gilashi ba ya ganin komai sai wurin da yake ƙonawa. Dole a sami mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai bin tartsatsi da ido, ba mai miƙa rodi ba, ba mai sallamar kwastoma ba, da tukunyar kashe gobara a hannunsa wadda ya iya buɗewa. OSHA ta ce ya zauna aƙalla minti 30 bayan an gama, ƙa'idar NFPA ta 2019 kuma ta mayar da shi sa'a guda. Ni a layin yadi ba zan yarda da ƙasa da sa'a biyu ba, kuma wannan ne dalilin da zai sa ku hana walda bayan azahar. Wanda ya gama da ƙarfe biyu na rana yana da sa'o'i kafin a rufe kasuwa, kuma idan akwai abin da ke ci, hancin mutane zai kama shi.

Ku kula da iska a lokacin hunturu. A ranar 26 ga Maris 2014 wasu masu walda a birnin Boston na Amurka suna aikin ƙarfe a bayan wani gini ba tare da izini ba, iska mai ƙarfi ta kai tartsatsi ginin da ke kusa, 'yan kwana-kwana biyu suka mutu a wajen kashe wutar. Bayan wannan ne jihar Masachusets, inda Boston yake, ta wajabta, daga Yulin 2018, cewa duk mai aikin wuta sai ya yi horo ya karɓi shaida. Ranar da hunturu ke kaɗawa da ƙarfi, aikin saman rufi ya jira.

Akwai kuma wayar lantarki. Injin walda yana jan wuta sosai, idan aka jona shi da wayar shago wadda aka yi domin ƙwai da fanka, wayar tana yin zafi a cikin silin inda babu mai gani. Haka nan wayar dawowa, wato wayar injin da ake maƙalawa a jikin ƙarfen aiki, a maƙala ta kusa da wurin da ake ƙonawa, kada a maƙala ta a ƙarfen rufi ko ƙofar wani a bar wuta ta nemi hanya da kanta. Duk wannan a tattara shi a takarda mai shafi ɗaya ta izinin aikin wuta, wadda za ta nuna wurin aiki, da lokacin farawa da gamawa, da sunan mai tsaron wuta, da sa hannun maƙwabta na dama da hagu da na baya, kuma ba za ta wuce yini ɗaya ba.

Barista:

Malam Sakatare, zan taɓa ɓangaren doka, kuma gara in faɗa maka tun farko cewa dokokinmu sun fi ƙarfi bayan ɓarna ta auku fiye da kafin ta auku. Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi magana a kan kare gobara a wuraren aiki, kuma ta hana a yi walda a jikin tanki ko wani mazubi da ya taɓa ɗaukar abu mai kamawa sai an kawar da abin da tururinsa. Sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke da alhakin zartar da ita. Amma an yi ta ne domin masana'antu da wuraren ƙere-ƙere, shagon sayar da yadi kuwa ba masana'anta ba ne, sannan tarar da ke cikinta ba ta wuce 'yan dubban naira ba, domin da darajar kuɗin wancan zamani aka rubuta ta. Babu wanda irin wannan tara za ta hana shi barci a yau. Ka kwatanta da Amurka, inda a 2025 OSHA take iya cin kamfani tarar dala 16,550 a kan saɓawa ɗaya mai haɗari, da dala 165,514 idan da gangan ne ko an maimaita, ko da wuta ba ta tashi ba. Ka lura kuma cewa ubangidan aikin ake ci tarar, ba ma'aikacin ba.

Idan aka rasa rai, magana ta koma ta laifi. Kundin laifuffuka na Final Kod da jihohin Arewa suke aiki da shi tun 1960 ya ɗauki jawo mutuwar mutum ta hanyar ganganci ko sakaci a matsayin kisan da ba a yanke wa hukuncin kisa, amma ana iya ɗaure mutum a kansa shekaru masu yawa. Wanda aka nuna masa haɗari ƙarara ya ce a ci gaba, ba zai tsira da cewa ba shi ne ya riƙe rodin walda ba.

Inda na fi so 'yan layinku su buɗe kunne shi ne biyan ɓarna. Mai shago yakan ɗauka cewa tun da mai walda ba yaronsa ba ne, ɗan kwangila ne mai zaman kansa, to duk abin da ya faru a wuyan mai walda yake. Gaskiya ne cewa asalin ƙa'ida ita ce ba a kama mutum da sakacin ɗan kwangilar da ya ɗauka, amma dokar Ingila da kotunanmu suka gada ta keɓe ayyukan da haɗari ke tattare da su a asali, kuma aiki da wuta a tsakiyar dukiyar mutane yana cikinsu. A irin wannan, nauyin tabbatar da an yi hattara ba ya sauka daga kan wanda ya kawo aikin. Maƙwabcin da shagonsa ya ƙone yana iya maka su biyun a kotu, kuma a aikace mai shagon zai bi, domin kowa ya san mai waldar da injinsa ne kaɗai jarinsa ba zai iya biyan dila ɗari ba.

Game da hurumin ƙungiya, ba ku da ikon tsare mutum, ko ƙwace injinsa, ko kulle shagon wani da ƙarfin tuwo, kuma yin haka zai mayar da ku waɗanda ake ƙara. Abin da kuke da shi shi ne yarjejeniya. Idan aka sa ƙa'idojin da tarar a cikin tsarin mulkin ƙungiya, aka amince da su a babban taro, kowane ɗan ƙungiya ya sa hannu, to tarar ta zama alkawarin da ya ɗaukar wa kansa. Ku kai kwafi ga hukumar gudanar da kasuwar da hukumar kashe gobara ta jiha domin su san da shi, hakan zai ba maigadi ƙarfin hana injin walda shiga layi idan babu takarda. Kuma ku adana takardun izinin a wajen kasuwa, domin ranar da za a buƙace su a kotu ita ce ranar da ofishin layi zai iya kasancewa cikin abin da ya ƙone.

Mai Walda na Gareji:

Ina gaida Yallaɓai tsohon ma'aikaci da Barista. Na daɗe a wannan sana'a, na yaye yara da dama, kuma duk abin da Yallaɓai ya faɗa gaskiya ne. Sai dai ina roƙon Malam Sakatare kada a rubuta daftarin kamar mu ne kaɗai matsalar. Babu ƙwararren mai walda da yake son kunna inji kusa da dila. Abin da ke faruwa shi ne, ka je ka ce wa Alhaji a fitar da kaya, ya ce maka aikin minti biyar ne, ba zai biya 'yan dako a kan minti biyar ba. Ka ce a yi da safe, ya ce safiya ta ciniki ce. Idan ka dage, sai ya sallame ka ya aika a kira wani yaro da bai gama koyo ba, wanda zai yi aikin a rabin kuɗi ba tare da ya ɗaga kai ya dubi silin ba. Mai gaskiya ya rasa aiki, haɗarin kuma yana nan. Saboda haka idan za a ci tara, a fara da wanda ya kira aikin, kuma kuɗin mai tsaron wuta da na kwashe kaya a rubuta cewa a kansa suke. Zai fi kyau ma layi ya zaɓi masu walda uku ko huɗu da ya yarda da su, a nuna musu ƙa'idojin, ba wanda zai shigo da inji sai su.

Abin da nake so in ƙara, domin yana kashe 'yan sana'armu fiye da gobarar kasuwa, shi ne duro da tanki. Mutum zai kawo duron da aka zuba fetur ko tina, ya ce a yanke masa kai zai riƙa tara ruwa, ya rantse maka cewa ya yi wata shida babu komai a ciki. Wannan rashin komai ɗin shi ne haɗarin, domin tururin da ya rage ya gauraya da iska, kuma kaɗan ake bukata. Tururin fetur yana fashewa idan ya kai kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai cikin ɗari na iskar da ke ciki. Ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da abin da ya maƙale a gaɓoɓin duro. Ni ba na taɓa shi sai an buɗe dukkan murafensa, an wanke da ruwan zafi da sabulu, an cika shi da ruwa har kusa da wurin da zan yanka, tankar mota kuwa aikin masu na'urar auna gas ne, ba na bakin titi ba.

Masu aiki da gas kuma a duba musu tiyo. Duk wanda ya zo da tiyon da aka ɗaure da robar taya, ko tukunyar gas a kwance a ƙasa, ko babu abin hana wuta komawa cikin tukunya, a mayar da shi. Kada hannu mai maiƙo ko giris ya taɓa kan tukunyar oksijin, domin mai yana kamawa da kansa idan ya haɗu da ita. Tukunyar kabaid da ake haɗawa a gareji kuwa, ko ni da nake cikin sana'ar ba zan yarda a shigar da ita layin yadi ba.

Ɗan Kasuwar Gwanzu:

Malam Sakatare, tun da ina yawan zuwa ƙasar Sin sayen kaya, bari in faɗi yadda suke yi a can, domin ya dace da ƙorafin da Malam mai walda ya kawo. A dokarsu ta kare gobara, mai walda sai yana da takardar shaidar sana'a, kuma ba a kunna wuta a wurin da ke da haɗari sai an nemi izini. Wanda ya saɓa ana iya yi masa gargaɗi ko a ci shi tarar da ba ta wuce yuwan 500 na kuɗin ƙasar ba, idan abin ya yi muni kuma a tsare shi har kwana 5, ko da babu abin da ya ƙone. Wanda ya umarci wani ko ya tilasta masa yin aikin cikin haɗari kuwa, tsarewarsa kwana 10 zuwa 15 ce, wato ta fi ta mai aikin. Idan aka yi asarar rai, kundin laifuffukansu ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3, ko shekara 3 zuwa 7 idan ɓarnar ta yi yawa.

Ba haka kawai suka kai ga wannan tsanani ba. A daren 25 ga Disamba 2000, walda a ƙarƙashin wani ginin kasuwanci a birnin Luoyang ta kama kujerun da ke hawa na ƙasa, masu aikin suka gudu ba su sanar da kowa ba, hayaƙi ya kashe mutum 309, mafi yawansu a wani zauren rawa da ke hawa na huɗu. A ranar 21 ga Nuwamba 2022 a birnin Anyang, shugaban wani kamfani ne da kansa ya ɗauki injin walda a cikin sito, tartsatsi ya kama kwalaye, mutum 42 suka mutu, galibinsu mata masu ɗinki a saman bene. Wannan ta biyun ita ce ta fi kama da halin da kuke ciki, sito da mutane da yadi duk a gini ɗaya.

Wadda ta fi dacewa da tambayarka ta wa ake kamawa ita ce ta Shanghai, ranar 15 ga Nuwamba 2010, inda masu walda marasa shaida suka jawo gobara a wani bene mai hawa 28 da ake yi wa gyara, mutum 58 suka rasu. Da farko masu waldar aka kama, jama'a kuma suka yi ta ƙorafi cewa an ɗora wa talakawa laifin manya. Da aka yanke hukunci a 2011 a kan mutum 26, masu waldar ne suka fi samun sassauci, 'yan kwangila da jami'an da suka raba aikin ba bisa ƙa'ida ba suka sha ɗauri mai tsawo, har wani babban jami'in gine-gine na gundumar ya sami shekara 16 saboda an haɗa masa da cin hanci. A ganina wannan ne adalci, kuma daftarinku ya bi wannan tsari: wanda ya fi iko a kan aikin shi ya fi ɗaukar nauyi.

Ɗalibin Fiƙihu:

Ina so in ƙara wani abu kaɗan, domin na san a taronku za a sami wanda zai ce gobara ƙaddara ce, ba a cin tarar mutum a kan ƙaddara. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke lamunin ɓarna daga kan mai sakaci ba. Malaman Malikiyya sun ambaci misalin wanda ya hura wuta a ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi har ta ci dukiyar wani, suka ce zai biya, saɓanin wanda ya hura ta yadda aka saba, a inda ba a tsoron ta kai ga kowa. Ya kuma tabbata a hadisi cewa da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wuta abokiyar gaba ce, ya yi umarni a kashe ta idan za a kwanta. Ina ba da shawara ku roƙi limamin kasuwa ya yi bayani a kan wannan kafin ranar taron, zai sauƙaƙa muku muhawara.

Sakataren Layi:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah Ya saka da alheri. Na nuna wa shugaban layi amsoshinku, kuma ya yarda a hana walda bayan azahar, a zaɓi masu waldar layi kamar yadda Malam mai walda ya ce, tarar kuma ta hau kan mai shago. Inda muka tsaya shi ne batun wuta. Tun da Yallaɓai ya ce kada a jona injin da wayar shago, dole a zo da janareta, kuma galibi tare da jarkar fetur ake zuwa. A ina ya kamata a ajiye su, kuma wace irin tukunyar kashe gobara za mu saya wa layi?

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:

Janareta ya tsaya a bakin layi inda iska ke wucewa, a wajen mita 11 ɗin da muka ambata, a jawo waya mai kauri wadda ba ta da faci. A cika tankinsa tun kafin a shigo, jarkar kuma kada ta shiga kasuwa sam, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tafi nesa har ya tarar da tartsatsi. Idan mai ya ƙare ana tsakiyar aiki, a kashe injin a bari ya huce kafin a ƙara.

Ku sayi tukunya mai hoda ta kilo 9, aƙalla guda biyu a wurin kowane aiki, domin ita tana aiki a kan yadi da fetur da kayan lantarki, kuma kowane wata a duba ko allurarta tana kan kore. Amma hoda tana kashe harshen wuta ne kawai, ba ta shiga cikin dila, saboda haka a ajiye bokitan ruwa cike a gefe. Dilar da ta kama a fitar da ita fili, a warware ta, a jiƙa ta sosai bayan an kashe injin walda, kuma kada a mayar da ita shago a wannan rana ko da ta yi sanyi a hannu. Ku rubuta lambar hukumar kashe gobara ta jiha da lambar gaggawa ta 112 a jikin takardar izinin, kuma ku gaya wa mai tsaron wuta cewa da zarar ya ga hayaƙin da bai san tushensa ba ya buga waya tukuna, sannan ya fara fesawa. Idan kun rubuta wa ofishin kashe gobara mafi kusa da ku takarda, ku roƙi su turo ma'aikaci ya nuna wa masu gadi da yaran shaguna yadda ake zare fil ɗin tukunya a nufi gindin wuta, a yi gwajin a fili da tukunyar da lokacin sake cika ta ya yi.